Tafin Hannun Dudu

Wata daga cikinku ta rubuto mini a ƙarƙashin rubutuna na baya, wai in daina ja muku rai, in fito fili in faɗa ko an sa rana ko ba a sa ba. 'Yar uwa, da a hannuna abin yake, da tuni kin ji. Ku dai gyara zama ku ji yadda yinin yau ya kasance mini, in ya so ku faɗa mini abin da za ku yi da ku ne.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni tela ce. Ina da ɗan shago a bakin layinmu, keke biyu da teburin yanka. Mijina ya rasu 'yata Dudu tana rarrafe, na tattaro na dawo gidan Umma da ita. Yanzu shekarunta bakwai, ga surutu, ga wushirya, ga kuma ciwon fatar da ya hana mu sakat. Likita ya ce sunansa soriyasis. Ba a ɗaukarsa, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Jiki ne ke gaggawar yin sabuwar fata tun tsohuwar ba ta faɗi ba, sai ta taru ta yi kauri, ta yi ɓawo fari-fari mai ƙaiƙayi. Umma dai har gobe kirci take ce masa. Yana gwiwar hannunta, yana gwiwoyinta, ya shimfiɗu a bayanta, ya hau ƙeya har cikin gashi. Kullum da safe in na kakkaɓe zanin gadonta kamar an zubar da dusa. Kayan makarantarta ni nake ɗinkawa, in sa musu shafi na auduga mai laushi, in juya ɗinkin waje don kada ya goge ta. Duk da haka yaran ajinsu zabuwa suke ce mata.

Sai kuma Malam. Lissafi yake koyarwa a sakandaren da ke ƙarshen titinmu. Wando ya fara kawo mini in rage masa tsawo, ya dawo da wani, ya sake dawowa da na farkon. Ranar na ajiye almakashi na ce, "Malam, in na ƙara taɓa wandon nan, gajeren wando zai koma. Ka faɗi abin da ke kawo ka." Ya yi dariya har sai da ya cire gilashinsa ya goge ido, sannan ya faɗa. Mutum ne mai sanyi. In ya zo, Dudu yake fara nema, ya durƙusa ya miƙa mata hannu, "Ɗalibata, bakwai sau takwas?" Bai taɓa goge hannunsa a riga bayan sun gaisa ba. Ni na san masu yin hakan, shi ya sa nake lura.

Matsalar Hajiyarsa ce. A sashe ɗaya na gidanta zai zauna, gida kuma cike yake da jikoki. Ya yi mata bayani har ya gaji cewa ba a ɗaukar ciwon, ta ce so ne ya rufe masa ido. Daga ƙarshe ta yanke: in ciwon kaɗan ne, yarinya ta biyo uwarta. In kuwa mai yawa ne, ta zauna wajen kakarta sai ta warke. Wannan "sai ta warke" ɗin ita ce ke hana ni cin abinci, domin likita ya gaya mini gaskiya, ciwo ne da ake lallashi ya kwanta, ba a yi masa sallama. Ni kuma na faɗa wa kowa, ƙafata ba za ta taka gidan da Dudu ba ta taka ba.

To wa zai ce ga kaɗan, ga mai yawa? Nan Malam ya kawo dabara. Asibitin fata sun sa mana wata manhaja a waya, wadda mai ciwo ke auna kansa da ita daga gida duk ƙarshen mako. Za ka ƙirga tafin hannu nawa ciwon ya rufe a jiki, don tafi ɗaya har da yatsu kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatar mutum. Sai ka zaɓi yadda kaurinsa yake da yawan ɓawon. Ga yara kuma akwai fuskoki a jere, daga mai dariya har mai kuka, yaro ya taɓa wadda ta yi daidai da ƙaiƙayinsa. In ka gama ta ba ka launi: kore, rawaya ko ja. Daga tafi goma ja ke farawa. Namu kullum shida ne, wani lokaci shida da rabi, rawaya.

"Hajiya ba ta yarda da bakina," in ji Malam, "amma lamba ba ta da saurayi, ba ta da budurwa. Babbar yayata za ta zo ta gani da idonta, in ba ja ba ne magana ta ƙare."

Hajiya ta amince. Aka tsayar da yau da yamma babbar yayarsa za ta zo. Yau ɗin kuma da safe muke da ganin likita, har ina murna, na ce ai sai in zo musu da labari mai zafi.

Mun daɗe a kan benci kafin a kira mu. Dudu tana sanye da doguwar rigarta shuɗiya mai dogon hannu, da 'yar hular da na saƙa mata don ta rufe ƙeya. Wata sabuwar sista muka samu, doguwa, ba ta da yawan fara'a amma hannunta da sanyi. Ta cire wa Dudu riga, ta juya ta, ta daɗe tana kallon bayan. Ta kalli kwamfuta, ta sake kallon bayan, sannan ta kalle ni.

"Maman Dudu, wa ke auna yarinyar nan?"

"Ni ce, Sista. Ban taɓa tsallake mako ba."

"Na gani. Nuna mini yadda kike yi."

Na ɗora tafina a kan babban tabon bayan, na matsa, na sake ɗorawa. "Ɗaya, biyu..."

Ta riƙe wuyan hannuna a hankali. Ta juya tafina sama, ta kamo hannun Dudu ta ɗora a kai. 'Yan uwa, da ƙyar ya rufe rabin nawa.

"Da hannun mai ciwon ake awo," ta ce. "Naki kashi ɗaya ne na jikinki, ba na nata ba."

Ranar da aka koya mana, wadda ta yi bayanin hannunta ta ɗaga ta ce, "Kamar wannan." Hoton da ke cikin manhajar ma hannun babba ne. Ni ke riƙe da waya, ni ke shafa magani, ban taɓa kawo wa raina wani hannu ba sai nawa. Ni da nake kallon mace daga bakin ƙofa in faɗi faɗin kafaɗarta, ni ce na kasa auna 'yar cikina.

Sista ta zana hannun Dudu a takarda, ta yanke shi da almakashi, ta riƙa ɗorawa tana ƙirgawa a fili. Baya, gwiwoyi, hannaye, ƙeya. Dudu har dariya take yi, wai cakulkuli. Sista ta wuce goma ba ta tsaya ba.

"Sha uku," in ji Sista. "Da tun farko mun ga haka, da tuni tana cikin masu shiga injin haske."

Injin hasken nan na sha jin labarinsa a kan benci. Ana shigar da mai ciwo na ɗan lokaci, sau da yawa a mako, kuma iyaye da dama sun ce fatar 'ya'yansu ta kwanta. Guda ɗaya ne a asibitin, saboda haka sai waɗanda suka kai ja ake ba wa. Ni duk zatona ba mu kai ba, har godiya nake yi.

"Yau da la'asar likita zai fitar da sabon jeri," ta ce, "daga abin da iyaye suka turo yake ɗauka. Zan rubuta abin da na gani, amma sai naki ya yi daidai da nawa. Ki gyara ki tura kafin lokacin. In ya wuce, sai bayan watanni."

Sannan ta karɓi wayata ta buɗe fuskokin. "Dudu, yaya ƙaiƙayin?"

Dudu ta ɗago ta kalle ni.

"Wayar za ki kalla, ba Mama ba."

Ta sa yatsa ta taɓa mai murmushi, wadda take taɓawa kullum. Sista ta kama hannunta, ta juya yatsun ta nuna mini ƙarƙashin farcen. Busasshen jini ne.

A cikin bas na rungumo ta na ce, "Dudu, tsakani da Allah, ba ya yi miki ƙaiƙayi?"

Ta shiga wasa da bakin gyalena.

"Ba zan yi faɗa ba."

"Yana yi," ta ce can ƙasa. "Kamar tururuwa a cikin riga. Amma Kaka ta ce in riƙa cewa da sauƙi. In na ce yana ciwo za ki tafi gidan Malam ki bar ni."

Na juya fuskata taga don kada mutanen bas su ga abin da ke zuba.

Mun tarar Umma ta juya falo. Ta sauya labule, ta shimfiɗa sabon mayafin kujeru mai furanni wanda ba a zama a kansa, ta fito da kofunan da ke kulle a kabad tun ina yarinya. Ɗakin sai ƙamshin turare. Ita kanta ta sa leshinta ruwan toka, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo tana goge tebur.

"Kun dawo? Zo nan, kishiyar kwalliya, in ga ko likita ya ba ki allurar rage surutu."

Na tura Dudu ɗaki, na faɗa wa Umma komai a tsaye. Ta zauna a hannun kujera, tsumman yana hannunta.

"To ki bari su zo su gani su tafi, gobe ki tura."

"Yau ake rufewa, Umma."

"Ki ɗauki hoton tsohon awon ki nuna musu."

"In an yi auren su ga ina kai ta injin haske kullum, in ce musu me? Kuma a gabanta zan yi ƙaryar? Ai ga shi ta riga ta koya. Umma, me ya sa kika ce mata haka?"

"Me na ce? Cewa na yi ta daina susa a gaban baƙi, ta ce da sauƙi kamar kowane ɗan mutunci. Ke in an tambaye ki jiki, me kike cewa?" Ta ajiye tsumman. "Watanni nawa ne kafin wani jerin ya fito? Tun yaushe take da abin nan, ga ta nan tana tsalle. Shi kuwa irin mutumin nan ba kullum yake zuwa shago ba. Kina ganina, ƙafa ta tafi, ido na bin ta. In na faɗi, wa kuke da shi, ke da ita?"

Na so in yi fushi da ita, wallahi na so. Amma ita ce take jiƙa wa Dudu ƙeya da mai tana tsefe ɓawon ɗaya bayan ɗaya da haƙurin da ni ba ni da shi. Na shige ɗaki na ɗauki waya.

Na rubuta: "Malam, akwai matsala a lissafin."

Nan take ya amsa: "Kin kawo ƙara inda ya dace. Wane aji?"

Na yi masa bayanin hannun. Ban yi dogon rubutu ba, na san zai gane kafin in gama.

"Nawa ya zama?"

"Sha uku."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Kin tura?"

"Tukuna. Amma kafin la'asar ake so."

"Na je ɗauko Yaya, tana shiri. Kada ki yi komai sai na zo."

Na karanta wannan layin ya fi a ƙirga. Kada in yi komai don yana da dabara, ko kada in yi komai don Yaya ta ga rawaya? Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya turo: "Tana gefena."

Rana tana ta yin ƙasa a jikin labule. Na zaunar da Dudu a bakin gado, na cire mata riga, na shafa mata man likita a baya kamar kullum, daga sama zuwa ƙasa, ba a murzawa. A inda ta sosa fatar ta tsage, tana ɗan noƙewa in yatsana ya zo wurin, amma ko uffan. Yarinya mai shekara bakwai ta iya haɗiye ciwo saboda aurena.

Na buɗe manhajar. Na goge shida na rubuta sha uku. Na zo kan fuskokin na miƙa mata.

"Dudu, saurare ni. Ko wacce kika taɓa, inda nake nan kike. Gidan Malam ko gidan Kaka ko ƙarƙashin teburin shago, tare. Taɓa ta gaskiya."

Ta daɗe tana kallona, tana neman wayo a fuskata. Sannan ta taɓa ta kusa da ƙarshe, mai hawaye ɗaya.

"Ta ƙarshen fa?"

"Wannan ta ranar wanke kai ce."

Na danna turawa. Allon ya yi ja, ja sosai, kamar an watsa masa jini. Ban ji sanyi a raina ba, kada in yi muku ƙarya. Ji na yi kamar na saki igiya a tsakiyar rijiya.

Ana idar da la'asar suka yi sallama. Yaya babbar mace ce, fara, da gyale mai duwatsu da jakar da ba ta sauke daga cinyarta ba har ta tashi. Malam yana bayanta cikin farin yadi, da wandon da na rage. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da aiki da ƙafar Umma. Dudu ta fito cikin rigarta ruwan hoda, ta durƙusa ta gaishe su.

"Masha Allah, ga ta kyakkyawa," in ji Yaya. Ta yi mata murmushi na gaske, amma hannayenta suna kan jaka. "Yaya jikin, 'yan mata?"

Dudu ta kalle ni, ta kalli Kakarta, ta rasa wadda za ta bi. Ta sunkuyar da kai.

Umma ta yi saurin tura faranti. "Kunya gare ta. Bismillah, ku sha shayin kada ya huce."

Yaya ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. "To, amarya, kin san aike ne ya kawo ni. Hajiya tana can tana jiran waya. Ina abin da ƙanena yake ta yabo?"

Malam ya kalle ni ta saman gilashi. Na kasa karanta idonsa. Na buɗe wayar na miƙa mata da hannu biyu.

Ta nisanta ta da fuskarta, ta matso da ita. "Ja nake gani, ko idona ne?"

"Ja ne, Yaya," na ce. "Kuskure nake yi a awon, yau aka gyara mini."

Malam ya gyara zama. "Yaya, bari in yi miki bayani. Ciwon bai ƙaru ba. Yarinyar jiya ita ce ta yau. Ma'aunin ne aka sauya, kamar a ce..."

"Kada ka mayar da ni aji, don Allah." Ba da faɗa ta faɗa ba, da gajiya. "Kai ka kawo maganar lambar nan, ba Hajiya ba. Kai ka ce in ja ne ka haƙura da zuwan yarinya, in ba ja ba ita ta haƙura. A gabana kuka yi. Yanzu in je in ce mata me? Ja ne amma ba ja ba ne?"

Ka haƙura da zuwan yarinya. Wannan rabin bai taɓa faɗa mini shi ba. Na kalle shi, ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga.

"Na tabbata rawaya ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Shi ya sa na yarda." Sannan a hankali, yadda ni kaɗai zan ji: "Na ce ki jira ni."

"Asibitin ba za su jira ba, Malam."

"Da kin jira, da..."

"Da me?"

Bai ƙarasa ba. Har yanzu ban san abin da ke bayan wannan "da" ɗin ba, kuma ina tsoron sani.

Yaya ta miƙe ta ajiye mini wayar a kan tebur. "Ni dai ban ga laifinki ba, ƙanwata. Da ni ce ma haka zan yi. Amma ni 'yar aike ce." Ta yi wa Umma sallama, ta ce wa Dudu Allah ya ba da lafiya, ta dubi ƙanenta. "Taso mu je mota, mu san abin da za mu faɗa mata."

Ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai juyo wajen Dudu, Yaya ta kira sunansa daga waje, ya fita.

Umma ta fara tattara kofuna. Wayata ta yi ƙara, na zabura na ɗauka. Asibiti ne: an ba Dudu wuri a injin haske, mu zo farkon mako da safe. Abin da da jiya ne zan yi rawa a tsakar gida saboda shi, yau na karanta na kife wayar a cinyata.

Dudu ta hau kujera ta ɗaga gefen labule.

"Mama, ba su tafi ba. Suna cikin mota. Anti tana waya, Malam ya kifa kansa a sitiyari."

"Sauko daga nan."

Ta sauko ta zo ta tsaya a gabana, ta sa hannayenta a baya don kada in ga tana susa.

"Mama, ni na ɓata, ko?"

Na jawo ta jikina na ce a'a, na ce a'a har sau nawa ban sani ba. Ta yi barci a cinyata da rigar baƙin a jikinta, ni kuma na ɗauki waya nake rubuta muku da hannu ɗaya, don in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai fashe. A saman allon, ƙarƙashin sunan Malam, sai ya nuna yana rubutu, ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Ana ta kiran magariba, kuma motar tana nan a ƙofar gida, injinta a kunne.